Mita ce ke gudu ko lissafi ne ya sauya? Bayanin bolt, amfiya, om da wat

A ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na masu rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225. Rukunin A su ne layukan da aka yi wa alkawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana. Sauran rukunai, daga B zuwa E, alkawarinsu awa 16 ne, da 12, da 8, da 4. Daga baya an ɗan sassauta farashin, ya sauko kusa da naira 207 a watan Mayu, ya koma 209.5 a Yuli. Amma tun daga lokacin maganar da ake ji a majalisu da shagunan sayar da katin wuta ita ce mita ta fara gudu. Magidancin da ya saba sayen wutar dubu goma ta kai shi ƙarshen wata, yanzu ko sati biyu ba a yi mita ta fara kuka.

A unguwannin da ba sa cikin rukunin A kuwa, kukan daban ne: an kawo wuta amma ba ta da ƙarfi, fanka na juyawa da ƙyar, firji na gurnani. Nan ma kai ya rabu. Wasu sun ce wuta marar ƙarfi ba ta cin yunit, wasu kuma har rantsuwa suke yi ita ce ta fi ci.

Amsar duk waɗannan tana cikin awo huɗu da ƙa'idoji biyu, kuma lissafin bai wuce ninkawa da rabawa ba.

## Abubuwa huɗu da ake aunawa

A ɗauki tankin ruwa a saman gini da fayif ya sauko daga gare shi. Tsayin tankin shi ke ba ruwa ƙarfin turi. Yawan ruwan da ke wucewa ta fayif a kowace daƙiƙa shi ne kwarara. Ƙuncin fayif ɗin, wanda ke hana ruwa wucewa yadda ya so, shi ne turjiya. Haka wutar lantarki take.

Turi shi ake aunawa da bolt, ana rubuta shi da harafin V. Wutar gida a Najeriya ana sa ran ta zo a kan bolt 230, a Nijar kusan 220, a Amurka 120. Batirin mota bolt 12 ne. Kwarara ana auna ta da amfiya. A jikin kaya za a ga harafin A, a cikin lissafi kuma ana sa mata I. Turjiya ana auna ta da om, harafinta R. Ita ba a cika rubuta ta a jikin kaya ba, sai dai a lissafo ta.

Na huɗu shi ne ƙarfin aiki, wato yawan wutar da abu ke ci a kowace daƙiƙa yana mayar da ita zafi, ko haske, ko motsi. Da wat ake auna shi: W a jikin kaya, P a lissafi. Wat dubu shi ne kilowat ɗaya.

Duk sunayen nan na mutane ne. Alessandro Volta ɗan Italiya ya haɗa batir na farko a 1800, André-Marie Ampère Bafaranshe ne, James Watt na injin tururi ɗan Sukotland ne, shi kuwa Georg Ohm malamin makaranta ne Bajamushe wanda a 1827 ya wallafa dangantakar da ke tsakanin turi da kwarara da turjiya.

Yunit ɗin da mita ke cirewa ba ɗaya ba ne daga cikin huɗun nan, kuma daga nan ruɗanin ke farawa. Yunit ɗaya shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Mita ba bolt take ƙirgawa ba, ba kuma amfiya ita kaɗai ba. Wat take ninkawa da lokaci.

## Ƙa'idoji biyu

Ta farko ita ce ta Ohm: turi daidai yake da kwarara sau turjiya, V = I × R. Idan turjiya ake nema, sai a raba bolt da amfiya, R = V ÷ I. Idan kwarara ce, a raba bolt da om.

Ta biyu ta ƙarfin aiki ce: wat daidai yake da bolt sau amfiya, P = V × I.

Dutsen guga da aka rubuta wa 230V da 1000W ya isa misali. Kwararar da yake ja ita ce 1000 a raba da 230, wato amfiya 4.35. Turjiyarsa kuma 230 a raba da 4.35, kusan om 53. Wannan om 53 ɗin siffar wayar da ke cikin dutsen ce, da ita aka ƙera shi. Wat 1000 kuwa sharaɗi ne: zai ba da shi ne kawai idan an ba shi bolt 230.

In aka haɗa ƙa'idojin biyu, wasu biyu na fitowa, kuma su ne suka fi bayyana abin da ke faruwa a gidaje. Ɗaya ita ce P = V × V ÷ R, ɗayar kuma P = I × I × R. Abin lura shi ne ninkin da ke cikinsu. Idan bolt ya ragu da rabi, aikin dutsen guga ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Idan kwarara a cikin waya ta ninka biyu, zafin da wayar ke yi ninki huɗu yake yi. Wannan ta zafin, James Joule ɗan Ingila ne ya gano ta a farkon shekarun 1840.

Ƙa'idar Ohm tana da iyaka. Turjiyar ƙarfe na ƙaruwa idan ya yi zafi. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, idan yana kunne, turjiyarsa ta kai om 880. In ya huce aka auna shi da mitar gwaji, ba za a samu ko kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Shi ya sa irin wannan ƙwan ya fi mutuwa a daidai lokacin da aka kunna shi, don a sannan kwarara mai yawa ke afka masa. Kayan da ke da mota a ciki, irin su fanka da firji, da masu na'ura irin su talabijin da caja, su ma ba a gane cinsu ta hanyar auna turjiyarsu suna kashe.

## Ina yunit ke tafiya?

Kafin ƙarin, naira 10,000 a kan naira 68 na sayen yunit 147. A kan naira 225 yunit 44 take saye, tun ma kafin a cire harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Gidan da ke cin yunit biyar a rana, da can kuɗin na kai shi kusan wata guda, bayan ƙarin kuwa kwana tara. A ƙara da cewa inda wutar ta ƙaru daga awa goma zuwa ashirin, firji da fanka su ma sun ninka lokacin aikinsu. Waɗannan biyun kaɗai sun isa su bayyana yawancin abin da ake kira gudun mita.

Sauran kuma yana wurin kayan da ake zargi da waɗanda ba a zargi. Ana yawan yi wa yara faɗa a kan cajin waya, alhali batirin waya mai 5000mAh bai wuce wat 20 na awa ɗaya yake ɗauka ba. Ko kullum ana cika shi, a wata bai cinye yunit ɗaya ba. Tsofaffin ƙwayayen fitila goma masu wat 60, awa shida a dare, yunit 108 ne a wata. Irin na zamani masu wat 9 da ke ba da haske kusan iri ɗaya, yunit 16 ne. A farashin naira 225, bambancin ya haura naira 20,000.

Manyan masu ci su ne masu yin zafi da masu yin sanyi. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan kusan wat 1,200. In ta yi awa takwas ba hutu, yunit 9.6 ke nan a dare ɗaya, kodayake in ɗaki ya yi sanyi takan riƙa tsayawa, cin ya ragu. Hita da risho na lantarki da dutsen guga duk daga wat dubu suke farawa. Dutsen guga na awa ɗaya ya fi cajin waya na wata guda.

Wannan ba ya nufin mita ba ta kuskure. Masu ƙorafi suna da hujja cewa na'ura ce, tana iya lalacewa, kuma akwai gidajen da ake samun an jona wa maƙwabci waya ta bayan mitarsu, ko wayar cikin bango ta goge tana zubar da wuta ƙasa. Kamfanonin rarraba wuta kuma suna kafa hujja da cewa ba a ɗaura mita sai NEMSA, hukumar gwamnati mai gwada mitoci da kayan lantarki, ta gwada ta. Ana iya raba wannan gardama a gida. A fuskar mita akwai ɗan haske ja mai ƙyaftawa, kusa da shi an rubuta lamba, misali 1000 imp/kWh, ma'ana ƙyaftawa dubu ita ce yunit ɗaya. A kashe komai na gidan. In hasken ya ci gaba da ƙyaftawa, wuta na fita ta wani wuri. Sannan a kunna abu ɗaya da aka san wat ɗinsa, kamar butar lantarki mai wat 2,000. A irin wannan mita ya kamata a ga ƙyaftawa kusan 33 a minti ɗaya, in bolt ɗin ya cika. Idan aka ga ninkin haka, akwai abin kai wa ofis.

## Wuta marar ƙarfi: wa ke da gaskiya?

Kowane ɓangare yana da rabin gaskiya, don kayan wuta ba hali ɗaya gare su ba.

A koma wurin dutsen guga mai om 53. In wuta ta sauko bolt 180, kwararar da zai ja amfiya 3.4 ce, aikinsa kuma wat 612. A bolt 150, wat 425 kacal. Masu cewa wuta marar ƙarfi ba ta ci sosai, a nan sun yi daidai: a kowane minti mita na cire ƙasa da yadda ta saba. Sai dai aikin ma ba ya ƙarewa da wuri. Tafasa ruwa lita biyu yana buƙatar kusan yunit 0.17, ko wuta ta cika ko ba ta cika ba. Buta mai wat 2,000 tana gamawa cikin minti biyar da 'yan kai a bolt 230. A bolt 180 ƙarfinta ya koma wat 1,225, sai ta kai minti takwas da rabi. Yunit ɗin kusan ɗaya ne, har ma ya ɗan fi, saboda zafin da ke tsiyayewa cikin iska yayin jira. Babu riba, lokaci kawai aka ɓata.

Firji da na'urar sanyaya ɗaki da injin jan ruwa na burtsatse labarinsu daban ne. Motar da ke cikinsu tana da kaya a kanta da dole ta juya, don haka wat ɗin da take nema bai cika sauka ba. Tun da wat bolt ne sau amfiya, idan bolt ya faɗi, amfiya ce ke hawa. Injin da ke buƙatar wat 750 zai ja sama da amfiya 3 a bolt 230, amma kusan 5 a bolt 150. Zafin da ke cikin naɗin wayarsa kuwa yana bin kwarara sau kwarara, wato ya haura ninki biyu. In bolt ya yi ƙasa ƙwarai, motar ba ta iya tashi ma. Sai ta tsaya tana gurnani tana jan kwarara ninki-ba-ninki har naɗin ya ƙone. Masu cewa wuta marar ƙarfi ta fi ci, abin da suke gani ke nan: firji na aiki ba tsayawa, ba ya sanyi, ƙarshe a kira mai gyara. Asarar da ta fi girma a nan ba ta yunit ba ce, ta kwamfaresa ce, wato injin da ke sa firji sanyi.

Sitabilaiza tana kare firji, amma ba ta ƙirƙirar wuta. Tana ɗaga bolt ne ta hanyar jan ƙarin amfiya daga layi. Kayan wat 1,000 da za su ja amfiya 4.3 a cikakkiyar wuta, ta bayan sitabilaiza a bolt 150 amfiya 6.7 za su ja ko fiye. Ƙarin kwararar nan na bi ta waya ɗaya da taransifoma ɗaya da duk unguwa ke amfani da su, kuma ta ƙa'idar Ohm, duk ƙarin amfiya a waya ƙarin bolt ne da ke zubewa a hanya. Saboda haka idan gidaje da yawa suka sa sitabilaiza, na ƙarshen layi da ba shi da ita wutarsa ƙara raunana take yi. Asalin matsalar yawanci taransifoma ce da aka ɗora wa gidajen da suka fi ƙarfinta, ko layi mai nisa da siririyar waya, ko an tara kaya a kan fes ɗaya, wato ɗaya daga layuka uku masu wuta da ke fitowa daga taransifoma, an bar biyu. Shi ya sa wutar ta fi rauni daga magariba, lokacin da kowa ya kunna nasa.

## Zafin waya da gobara

Waya ma tana da turjiya, ko da kaɗan ce. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 1.5 tana da kusan om 12 a kilomita ɗaya, mai 2.5 kuma kusan om 7.4. Idan aka ja mai 1.5 tsawon mita 50 zuwa shago, zuwa da dawowa mita 100 ke nan, om 1.2. A amfiya 10, bolt 12 na zubewa a hanya, wat 120 na zama zafi a jikin wayar. A amfiya 20, wat 480 ne. In mitar wuta tana farkon wayar, mai shago ne ke biyan wannan zafin.

Turjiyar wayar alminiyam ta kai kusan ninki ɗaya da rabi na ta tagulla, shi ya sa take buƙatar ƙarin kauri. Haɗarin yana wurin wayar da aka shafa wa tagulla a sama, cikinta alminiyam, ko wadda aka rubuta wa 2.5 alhali ba ta kai ba. Arhar da aka samu a kasuwa a cikin bango ake biyan ta.

Mafi muni shi ne haɗin da bai ɗauru ba: waya biyu da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, ko soket ɗin da ya saki. Rabin om kawai a irin wannan wuri, da amfiya 15, ya ba da wat 112 a wurin da bai fi kan yatsa ba. Ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi bai kai rabin haka ba. Fiyus ba zai yanke ba, don kwararar ba ta wuce ƙa'ida ba. Roba ce za ta narke sannu a hankali. Fulogi mai ƙafa uku iyakarsa amfiya 13, wato kusan wat 3,000 a bolt 230. Duk wanda ya jona hita da dutsen guga da buta a kan ekstenshin ɗaya ya wuce wannan iyaka, in kuma an maye gurbin fiyus da guntun waya, an cire abu ɗaya tilo da zai yanke kafin wuta ta tashi.

Wannan lissafin ne dai ya sa wutar da ke tasowa daga Kainji da Jebba da Shiroro ake tura ta a kan bolt 330,000 da 132,000, kafin a sauke ta 33,000 da 11,000, sannan taransifomar unguwa ta mayar da ita ta gida. In aka ninka bolt sau goma, kwarara na raguwa sau goma, asarar hanya kuma sau ɗari.

Jikin mutum ma turjiya ne. Busasshiyar fata tana da om dubbai masu yawa, amma jiƙaƙƙen jiki na iya saukowa kusan om 1,000. Bolt 230 a raba da 1,000 ya ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na amfiya, alhali na'urar kariya da ake sawa a gidaje an saita ta ta yanke tun a amfiya 0.03. Hatsarin hitar da ake tsomawa a bokiti daga nan yake.

## Kayan waje, janareta da sola

Kayan gwanjo da aka shigo da su daga Amurka an ƙera su ne don bolt 120. Tukunyar lantarki mai wat 1,200 a can turjiyarta om 12 ce. A jona ta a bolt 230, za ta ja amfiya 19, ta yi ƙoƙarin ba da wat 4,400, kusan ninki huɗu na abin da aka yi ta dominsa. Ba ta daɗewa. Cajar waya da ta kwamfuta galibi an rubuta musu 100–240V, su ba ruwansu.

A jikin janareta kuma ba kilowat ake yawan rubutawa ba, kVA ne, wato bolt sau amfiya zalla, a raba da dubu. A wutar gida mai kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa, kayan da ke da mota ba sa mayar da duk kwararar da suka ja ta zama aiki, don haka P = V × I tana cika daidai ne kawai ga masu yin zafi. Masu ƙera janareta kan ɗauki kashi 80 cikin ɗari: mai 2.5kVA wat 2,000 ne. Ga kuma jan tashi, don firji ko injin ruwa na jan ninki uku ko fiye na kwararar da ya saba a daƙiƙar farko. Dalilin da ke sa janareta ta shaƙe da an kunna firiza ke nan, ko da a takarda lissafin ya nuna da sauran wuri.

Masu komawa sola saboda tsadar yunit da ta fetur su ma lissafin bai ƙyale su ba. Batir mai 12V da 200Ah (Ah amfiya ce sau awa) yana riƙe da 12 sau 200, wat 2,400 na awa ɗaya ke nan, wato yunit 2.4. Irin mai ruwan asid ba a so a sauke shi ƙasa da rabi, in ana so ya yi ƙarko, saboda haka abin amfani yunit 1.2 ne: kayan wat 300 na awa huɗu, ban da abin da inbata ke ci. Na litiyam ana iya sauke shi sosai fiye da haka, amma ya fi tsada. Sannan wat 1,000 daga batir mai bolt 12 amfiya 83 ne, daga tsarin bolt 24 amfiya 42, daga na 48 kuma 21. Wayar da ke tsakanin batir da inbata dole ta yi kauri kuma ta yi gajarta. Wanda ya sa mata irin wayar soket, ita za ta fara narkewa. Mai saye na iya tambayar mai haɗawa abu uku kafin ya biya: jimillar wat na kayan da za a ɗora, awa nawa ake so su yi da dare, da amfiya nawa za ta bi ta wayar batir a lokacin da aka kunna su duka.